Kada Kowa Ya Ba Eckhard Rabarba

Shugaban ƙungiyar masu lambu, Malam Brodersen. Wakiliyar majalisar gari. Dattawanmu na layin gaba. Maƙwabta maza da mata, har da masu leƙowa ta taga, barkanmu da wannan rana ta bikin Waliyyi Yohanna.

Ni ce Waltraud, mai lambu na sha bakwai. Na gode da kuka ba ni minti biyar, na kuma gode wa maƙwabciyarmu Gisela da ta riƙe hannun mijina Eckhard don kada ya sulale.

Magana ta farko yabo ce. Shekara biyu ke nan Eckhard ya yi sallama da burodi, ya yi sallama da dankali, ya yi sallama da sukari. Tumbin da ke riga shi shiga ɗaki ya tafi, sukarin jininsa ya sauka. Wannan kam na sara masa.

Ta biyu ita ce abin da ya maye gurbinsu. Da safe alayyafo a markaɗe, da rana burodin garin almon, ƙwayar nan mai kama da gyaɗa, da yamma rabarba, jan karan nan namu mai tsami, ba ko ƙwayar sukari. Madara ma ya kore ta, wai akwai zaƙi a ɓoye a cikinta. Na ce, "Eckhard, kai zomo ne?" Ya ce, "Ke dai ci dankalinki, tsohuwa, ni na yi karatu a kai."

Abin da karatun bai gaya masa ba, likita ta gaya masa. Alayyafo da almon da rabarba duk cike suke da wani sinadari, oksalat. In ya yi yawa, babu madara ko cuku da za su kama shi tun a hanji, babu isasshen ruwa, sai ya gangara ƙoda ya dunƙule ya zama tsakuwa. Sau biyu ke nan. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaukar kayan ƙaura zuwa hawa na biyar, na same shi a ƙasan kicin yana kiran mahaifiyarsa. Likita ta ce ƙodar hagu ta gaji, ba ta son ganin ta uku.

Na tone rabarbarmu har saiwa. To, ga magana ta uku, kuma ita ta tsayar da ni a nan. Yau ce ranar yankan ƙarshe, daga yau ba mai taɓa rabarba sai baɗi, haka iyayenmu suka bar mana. Kowa zai yanke, kowa zai rasa yadda zai yi da ragowa. Eckhard ya sani. Baronsa na bayan zauren nan, ya kuma share rabin firiza. Zai zo bakin shingenku yana murmushi, ya ce, "Maƙwabci, kada a yi asara." Bara, Malam Brodersen, kai kaɗai ka loda masa kilo tara. Kada ka sunkuyar da kai, na auna.

Ina roƙonku, kada ku ba shi. Kada ku ba shi don kunya, kada ku ba shi don zumunci. Ku ba shi kujera, ku ba shi ruwa babban kofi, ku yanka masa cuku. Farin kabeji ma yana ci, ba ya faɗa ne kawai.

Kai kuma Eckhard, ɗago ka dube ni. Ban ce ka koma wa burodi ba. Amma ranar nan a kicin na ji tsoron da ban taɓa ji ba, kuma ban gaya maka ba sai yau. Shekara talatin da takwas muna tare. Ban iya zama ni kaɗai ba, kuma ba na son in koya.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya albarkaci lambunanmu, Ya mai da kowa gida lafiya, Eckhard kuma da baro wayam.

Na gode.