Tarar da Ke Bin Gida

A bencin ofishin ƙaramar hukuma na ji su, wani dattijo rungume da fayil da wani kafinta mai fensir a kunne.

"Baba, kai ma lasisin shago?"

"Ina fa. Gidan gado zan sayar, mai saye ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Sai aka ce akwai tara a kan gidan. Marigayi yayana ne ya ja katanga ta hau magudanar ruwa, yau shekara tara."

"To ai ya rasu. Wa za su kama?"

"Haka na ce. Ma'aikaciyar ta ce tarar ba mutum take bi ba, gida take bi. Sai an biya za su buga hatimi."

"Shekara tara ba su aiko kowa ba?"

"Takarda uku kawai, ya cusa su ƙarƙashin katifa. Su kuma suka zauna abinsu, kuɗin ya ninka huɗu. Ɗana, da ma'aikaciyar ta juyo min kwamfuta, ga hoton katangar, ga yayana a ƙofa yana nuna wa mai hoton yatsa. Ko mu ba mu da hotonsa mai kyau haka."

"Ikon Allah! Ba faɗa, ba ɗan sanda?"

"Ko tari ba su yi ba. Sun san da ƙafarka za ka zo."

Kafintan ya cire fensirinsa yana jujjuyawa.

"Baba, takardar tarar... koriya ce?"

"Ita ce."

"Wadda aka aiko wa rumfata bara, na ƙunshe ƙusoshi da ita." Ya miƙe. "Wace taga ake biya?"