Bokitin Saratu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Sunana Binta daga Samaru, ina aiki a wani banki a unguwar PZ.

Da mijina ya rasu, na daina barci, na daina magana. Banki ya ba ni hutun wata uku, ya haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa, a takarda aka rubuta hawan jini don a rufa mini asiri. Bara, Saratu mai goge mana ofis ta rasa ɗanta, ta riƙa tsayawa da tsumma a hannu tana kallon bango. Ita sallamarta aka yi. Ni na buga takardar.

Makon jiya banki ya kai mu rabon sabulu da bokitai a sashen masu taɓin hankali na wani asibiti, har da mai hoto. A can na tarar da Saratu. Na miƙa mata bokiti, ta karɓa, ta miƙe tsaye ta ce, "Anti Binta, daga ina zan fara gogewa?" Aka ɗauki hoto.

Malam, har yau ko hawaye ban yi ba. Hoton na bangon ofis, kullum ina wuce shi. Masu sauraro, in na koma wajenta, me zan ce mata?