Shimfiɗar Ganyen Ayaba

A kasuwar Wonosari, Sarjono mai gyaran keke ya durƙusa gaban wata tsohuwa mai sayar da ganyen ayaba, yana lalubar wanda ya fi sanyi.

"Damin nan duka? Biki kake yi, ɗana, ba gayyata?"

"Ina fa biki, Iya. Mahaifiyata ce, kwanciya ta cinye mata baya. Zane manne wa gyambon yake, in na ɗaga sai ihu, shi ya sa zan shimfiɗa mata ganye."

"To ajiye wannan, ya tsufa. Ɗauki sabon toho, ka cire jijiyar, ka shafe shi da man kwakwa. Haka na yi wa maigidana."

"Ya warke?"

"Tas! Bayan nan sumul." Ta ɗaure damin a hankali. "Masu wankan gawarsa ma sai da suka yaba."