Sunan Talle Ya Riga Shi Zuwa

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Wannan ma kunnena ne ya tsinto shi a tashar Zuru.

Wani kafinta, Talle, yana jiran motar Dirin Daji yana huci. Ndubuisi mai shagon kwanon rufi ya tambaye shi ko lafiya.

"Sito na rufa wa kamfanin gwamnati, akawunsu ya yanke mini kuɗi, wai haraji. Yau sai na kira shi ɓarawo gaban kowa."

"Malam, kar ka kashe aikinka. Ni ma haka suke yanke mini."

"To kamfanin nan gwamnati ne ko ba gwamnati ba?"

"Ranar yanka gwamnati ne, ranar da ka kai kuka kamfani ne. Amma akawu bai ci ba. Da sunanka ake kai kuɗin zuwa ofishin haraji a Birnin Kebbi."

Talle ya juyo ya dube shi.

"Da sunana? Ni da ban taɓa wuce Mahuta ba?"

"Ai sunan ya riga ka zuwa."

Motar ta cika ta tashi, Talle bai ko motsa ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Talle, a Birnin Kebbi."

Na gyara mayafina na sulale kafin su lura da ni.