Ta Goma a Duniya

A tashar Malumfashi, wani tsoho da wani malamin jami'a suna jiran mota ta cika.

"Malam, jami'ar da ɗana Isyaku yake a Turai, wai bana ita ce ta goma a duniya."

"Masha Allah, Baba. Tamu ko cikin dubu ba ta shiga ba."

"Binciken wuta-wuta ya kai shi, ciyawar nan mai kashe dawa. Nakan rufe ido in ga gonata kore shar, babu furenta ko ɗaya."

"Ya samo maganin?"

"Ya ce can ba a noma dawa. Ya koma alkama, ita ke ɗaga sunan jami'a."

"Ni ma bizata ta fito, Baba."

"Madalla. Kai binciken me kake yi?"

"Wuta-wuta."