Tsakuwar darar Baba Ilu

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sale ne, ɗan dako a Makka.

Dattawanmu suna da dandalin dara. Marigayi Baba Ilu ya kafa shi da tsakuwa goma sha biyu da ya taho da su daga Sakkwato a ƙafa. Ni aka ba ajiyarsu.

A Hajjin bana, kayan alhazai suka hana ni tsintar tsakuwa a Muzdalifa. A Mina na buɗe jakata, na jefi Shaiɗan da bakwai daga cikin na Baba Ilu, daga baya na cike gurbinsu da na bakin hanya.

Jiya abokin wasan marigayin, Malam Garba, ya shafa ɗaya cikin na bakin hanyar, ya ce, "Allah sarki, ƙasar gida!" har da ƙwalla.

Jama'a, in faɗa masa gaskiya, ko in ƙyale shi?