Angona Ya Ƙi Gauraya Mai

Salamu alaikum mai gabatarwa, ya gajiyar aiki? Dije ce daga Matankari.

Jikana Sani, da nake kira angona, motar wani ɗan kasuwa yake tuƙi, da ita yake ciyar da iyalinshi. Ran sunan ɗiyar ƙanwarshi ya ɗauko ni zuwa Dogon Dutsi. Mai ya kusa ƙarewa, ga mai man kwalba bakin hanya.

Na ce, "Ango, ƙara mana."

Ya ce, "Kaka, na gidan mai ke ciki. In na gauraya inji ya lalace, korata za a yi."

Na ce, "Ni da ke haɗa gero da dawa tukunya guda, wa ya mutu?"

Bai yi dariya ba. Mota ta mace cikin daji. Amalanken jaki ya ƙarasa da ni, na tarar har an feɗe rago. Shi ko ya wuni gadin mota cikin rana, ko fura bai sha ba. Tausayi ya hana ni tsokanarshi.

Makanikai, gaurayawa na ɓata inji, ko tsoro ne? Ku amsa da ƙarfi, ango na gefena, yana yi kamar ba ya ji.